BABI NA UKU: HARUFFAN ADO NA RUBUTUN TSUTSA A AIKIN ƊAB'I DA TALLA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan haruffan da ake buga cikin littafi da su, wato waɗanda aikinsu shi ne mai karatu ya bi su shafi bayan shafi ba tare da idonsa ya gaji ba. A wannan babi kuwa za a juya ga wani rukuni na daban, wato haruffan da ake ƙerawa domin kanun labari da bangon littafi da fosta da allon talla. Daga cikinsu ma an keɓe nau'i guda, shi ne haruffa masu ƙafa, masu kwanciya, waɗanda aka ƙawata da jela da lanƙwasa har suka zama kamar suna wasa a kan takarda. Za a bi asalinsu, da yadda na'urorin ɗab'i suka takura su a wani zamani suka kuma sake musu mara a wani, sannan a dubi matsalar da suke haifarwa idan aka zo buga Hausa da su.

3.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a shiga bayani gadan-gadan, ya kamata a fayyace wasu kalmomi da za su riƙa maimaituwa. Samfurin haruffa shi ne cikakken jerin baƙaƙe da wasula da lambobi da alamomin rubutu waɗanda aka zana bisa fasali ɗaya, aka kuma laƙaba musu suna ɗaya, kamar Times ko Bookman. Ƙafa kuwa ita ce ɗan guntun layin nan da ke ƙarshen sandar harafi, wanda ma'aikatan ɗab'i ke kira serif. Idan aka dubi babban harafin T na samfurin Times za a gan ta a gindinsa da kuma gefe biyu na kansa. Samfuri irin su Arial ba su da ita.

Rubutun tsutsa shi ne sunan da malaman Hausa suka saba kiran haruffan italik da shi, wato waɗanda suka karkata zuwa dama, galibi da kimanin digiri 10 zuwa 15. Sai dai a lura, ba kowane karkataccen harafi ne italik na ainihi ba. Na ainihi daga rubutun hannu aka samo shi, saboda haka siffarsa kan sha bamban da ta miƙaƙƙen harafi: ƙaramin a kan koma ciki ɗaya kamar yadda ɗan makaranta ke rubuta shi, f kan zuro ƙafa ƙasa da layi, n da m da u kuma kan ƙare da ɗan ɗagowa kamar alƙalami zai wuce ga harafi na gaba. Ɗaya nau'in kuwa miƙaƙƙen harafi ne kawai aka tura shi ya kishingiɗa. Shi ne abin da kwamfuta ke yi da kanta idan aka umarce ta da ta kwantar da samfurin da ba a zana masa italik ba, kuma sakamakon bai cika kyau ba, domin da'irar o kan mokaɗe, kauri ya koma inda bai kamata ba.

Jela, a wannan aiki, ana nufin ƙarin layin ado da ake ja daga kan harafi ko daga gindinsa ya lanƙwashe ya shiga filin da ke kusa, kamar a ja ƙafar R ta bi ta ƙarƙashin haruffa biyu ko uku. Girman harafi kuma da maki ake auna shi, maki 72 ne a inci guda. Cikin littafi yakan tsaya tsakanin maki 9 da 12. Abin da ya haura 14 a al'adar maɗaba'a ya shiga sahun haruffan kanu.

3.2 Asalin Rubutun Tsutsa

Abin da zai ba mai nazari mamaki shi ne, rubutun tsutsa bai fara a matsayin ado ba. A birnin Benis na ƙasar Italiya, mai maɗaba'a Aldus Manutius ya sa wani gwanin sassaƙa ƙarfe mai suna Francesco Griffo ya ƙera masa haruffa masu kama da rubutun hannun malaman Italiya na wancan zamani. A shekarar 1501 ya buga waƙoƙin Virgil da su tun daga farko har ƙarshe, a ƙaramin littafi wanda mutum zai iya riƙewa a hannu ya yi tafiya da shi. Manufarsa ita ce malami ya ga littafin tamkar wanda ɗan'uwansa malami ya kwafa masa. Domin a kwaikwayi hannu sosai, an ƙera haɗaɗɗun haruffa fiye da 60, wato biyu ko uku a manne a jiki ɗaya. Manyan baƙaƙen kuwa a miƙe aka bar su, ƙanana ne kawai suka kwanta.

Samfurin ya karɓu nan da nan, har ta kai hukumar Benis ta ba Aldus izinin mallakarsa shi kaɗai a 1502. Izinin bai hana komai ba. Maɗaba'un birnin Liyon na Faransa, waɗanda ikon Benis bai kai gare su ba, suka kwaikwayi haruffan da littattafan gaba ɗaya, har Aldus ya buga takardar gargaɗi a 1503 yana nuna wa masu saye yadda za su gane na jabu. Satar samfurin haruffa ke nan ta girmi kwamfuta da fiye da shekara 400.

Adon ya shigo ne ta hannun Ludovico degli Arrighi, marubuci a ofishin wasiƙun Paparoma a birnin Rum. Ya wallafa ɗan littafin koyar da kyakkyawan rubutu mai suna La Operina, mai ɗauke da shekarar 1522, sannan daga 1524 ya fara buga littattafai da nasa haruffan. Nasa sun fi na Aldus tsawon sanda, sun rage haɗe-haɗe, kuma a cikinsu ne aka ga manyan baƙaƙe masu jela. Duk wata jela da ake gani yau a katin biki, idan aka bi salsalarta, wurin alƙalamin irin su Arrighi za ta kai mutum. Daga baya Robert Granjon na Faransa, wanda ya fara aiki a shekarun 1540, ya yaɗa al'adar kwantar da manyan baƙaƙen su ma. Kafin ƙarni na 16 ya ƙare, rubutun tsutsa ya daina zama abin buga littafi sukutum, ya koma mataimakin miƙaƙƙen rubutu, ana ware kalma da shi, ko sunan littafi, ko gabatarwa. Wannan sauyi yana da muhimmanci ga abin da ake nazari a nan. Tunda aka sauke masa nauyin ɗaukar shafi ɗari uku, sai masu zana shi suka sami damar yi masa kwalliyar da ba za a jure ta a dogon karatu ba.

3.3 Zuwan Talla

Har wajen ƙarshen ƙarni na 18, mai maɗaba'a da ke son babban kanu manyan haruffan littafi kawai yake ɗaukowa. Bunƙasar masana'antu da birane a Ingila ce ta kawo bukatar takardar da za a manna a bango ta tsayar da mai wucewa: sanarwar gwanjo, da ta caca, da ta wasan kwaikwayo, da ta jirgin ruwa. A farkon ƙarni na 19 maƙeran haruffa na Landan, musamman Robert Thorne, suka fito da haruffa masu tsananin gwaɓi, inda aka kumbura sanda mai kauri har ta kusa cike harafin, aka bar siririn layin yadda yake kamar zare. An yi musu na tsutsa, waɗanda ke ƙarewa da manyan ɗigo kamar 'ya'yan goro a bakin a da c da f da r. Waɗannan su ne kakannin haruffan ado na talla.

Amma dalma tana da iyaka. Idan harafi ya yi girma ƙwarai, narkakken ƙarfen ba ya hucewa daidai, fuskarsa takan lotsa, ga nauyi ga tsada. Darius Wells na birnin Niyok ya samar da na'urar sassaƙa haruffa daga katako, ya fitar da kundin samfurinsa a 1828. A 1834 William Leavenworth ya haɗa ta da wata na'ura mai bin zane tana ƙara girmansa ko rage shi. Daga nan harafi mai tsawon taƙi ko kamu ya zama abu mai araha, ado kuma ya yawaita har ya wuce kima. Masu sukar fostocin wannan ƙarni sukan ce kowane layi da nasa samfurin, kowanne kuma ihu yake yi.

3.4 Cooper Black da Danginsa

Idan ana maganar harafi mai ƙafa, mai gwaɓi, mai fara'a, da wuya a tsallake Cooper Black. Oswald Bruce Cooper, wanda aka haifa a 1879 ya rasu a 1940, mai rubutun talla ne da hannu a birnin Shikago na Amurka, kuma ya yi karatu a hannun Frederic Goudy. Kamfanin Barnhart Brothers & Spindler ne ya zuba samfurin a dalma ya fitar da shi a farkon shekarun 1920, na tsutsarsa kuma ya biyo baya a 1926.

Abin da ya raba shi da masu gwaɓin Landan shi ne babu kaifi ko ɗaya a jikinsa. Ƙafafunsa a dunƙule suke kamar an murza su da hannu, gindinsu ma ba a shafe yake ba, ya ɗan yi tudu, shi ya sa layin rubutun kan yi kamar yana rausaya. Farin da ke cikin O da Q ya karkata baya, ɗigon i da j kuma ba da'ira ba ne, ƙwai ne a kwance. Ramukan a da e ƙanana ne ƙwarai. Mai kallo ba ya tsayawa ya lissafa waɗannan abubuwa, amma su ne ke sa ya ji harafin yana da taushi duk da nauyinsa. A na tsutsar an ƙara wa wannan taushi motsi, haruffan suka zama kamar ƙosassun yara suna tsere. Cooper da kansa ya yi wa samfurin ba'a, inda ya nuna cewa an yi shi ne domin masu maɗaba'a masu hangen nesa waɗanda abokan cinikinsu ba sa gani sai kusa.

Masana harkar ɗab'i masu ra'ayin mazan jiya ba su so shi ba, amma kasuwa ta so shi, kuma shaidar haka ita ce yadda abokan hamayya suka yi rububin fitar da makamancinsa. Kamfanin Ludlow ya fitar da Ludlow Black, kamfanin Monotype na Amurka kuma ya sa Goudy, malamin Cooper, ya zana Goudy Heavyface a 1925, shi ma da na tsutsarsa. Bayan ya ɗan kwanta, Cooper Black ya sake tashi a shekarun 1960. Shi ne a bangon faifan Pet Sounds na mawaƙan Beach Boys a 1966, shi ne a sunan zanen barkwancin Garfield, kuma da shi kamfanin jiragen sama na easyJet ya rubuta sunansa a jikin jiragensa. Samfurin da ya yi wa faifan waƙa aiki, ya yi wa kyanwar barkwanci, ya kuma yi wa jirgin sama mai arahar kujera, a fili yake cewa saƙon da yake isarwa ɗaya ne, wato abin nan ba na manya kaɗai ba ne, kowa ya matso.

3.5 Daga Dalma Zuwa Haske

Tambayar da ta dace a yi a nan ita ce, tunda an san jela tun zamanin Arrighi, me ya sa ba ta cika fostoci ba sai a shekarun 1960 da 1970? Amsar tana ga yadda ake ƙera harafin. A ɗab'in dalma kowane harafi yana zaune ne a kan ɗan ginshiƙi mai kusurwa huɗu, wanda aka zuba daga haɗin dalma da kuza da antimoni, ana jera su kafaɗa da kafaɗa kamar tubali. Harafin da ya kwanta kuwa dole kansa ya leƙa gidan maƙwabcinsa. Domin haka sai a bar wani sashe nasa ya zarce ginshiƙin yana reto, ya jingina a kafaɗar na kusa. Wannan sashe shi ne ke fara karyewa idan injin ya danna. Doguwar jela ke nan asara ce ga mai maɗaba'a, ga kuma wahalar ajiye ƙarin haruffa a akwati.

Injin Linotype, wanda ya fara aiki a gidan jaridar New York Tribune a 1886, ya ƙara tsananta lamarin. Shi layi guda yake zubawa a dunƙule, kuma tsarinsa bai yarda harafi ya leƙa gidan wani ba. Bugu da ƙari, an saba sa miƙaƙƙen harafi da na tsutsarsa a mazubi ɗaya, wanda ya tilasta faɗinsu ya zo daidai. Wannan ne ya sa f na tsutsa a tsofaffin jaridu yake a takure kamar an daddatse shi. A wannan zamani ma an sami masu ganin a rage wa italik kwalliya gaba ɗaya. Stanley Morison, mai ba kamfanin Monotype na Ingila shawara, ya yi rubutu a 1926 yana goyon bayan a wadatu da miƙaƙƙen harafi da aka kwantar, ko da yake aikin da ya jagoranta daga baya, wato Times New Roman, da italik na ainihi ya fito.

Ɗab'in hoto ne ya kawar da ginshiƙin. A wannan hanya harafin zane ne a kan fim, ana haska shi a kan takarda mai kama haske, don haka babu abin da zai karye, kuma haruffa na iya matsuwa har su hau juna. Kamfanin Photo-Lettering da aka kafa a Niyok a 1936 ya tara dubban samfura ta wannan hanya. A Landan kuma kamfanin Letraset ya fito da takardar haruffan gogawa a 1961, wadda ake ɗorawa a kan zane a goga da bakin biro harafin ya manne. Da ita ɗalibi ko ƙaramin mai zane ya sami abin da a da sai babbar maɗaba'a.

Samfurin da ya fi cin moriyar wannan sauyi shi ne Bookman. Asalinsa wani samfuri ne da Alexander Phemister ya sassaƙa wa kamfanin Miller & Richard na birnin Edinbara a tsakiyar ƙarni na 19, harafi mai kauri kaɗan, natsattse, ba ruwansa da wasa. A shekarun 1960 kamfanonin ɗab'in hoto suka ɗauki kwantaccensa suka yi ta liƙa masa jela, kowane harafi da siffa uku ko huɗu, har ya zama tambarin tallan wancan zamani. Cooper Black na tsutsa shi ma an yi masa irin wannan ƙari. A 1970 Aaron Burns da Herb Lubalin da Edward Rondthaler suka kafa kamfanin ITC, wanda ya sa Ed Benguiat ya sake zana Bookman a 1975, ya ƙara wa ƙananan baƙaƙen tsayi, ya yi masa italik na ainihi a maimakon kwantaccen da aka gada. Shi ne kuma ya farfaɗo da Souvenir, wanda Morris Fuller Benton ya fara zanawa a 1914. Kamar yadda aka saba, abin da ya yi yawa yakan gundura. Zuwa shekarun 1980 masu zane sun juya wa waɗannan samfura baya, suna ganinsu tamkar tsohon yayi.

3.6 Zamanin Kwamfuta

Kwamfuta ta fara ne da mayar da hannun agogo baya. Tsarin fayil na farko bai ɗaukar fiye da gurabe 256, waɗanda baƙaƙe da lambobi da alamomi suka kusa cinyewa. Lokacin da aka sa ITC Bookman cikin na'urar buga takarda ta LaserWriter Plus a 1986, ba tare da jelolinsa ya shiga ba. Wanda ke son su sai ya sayi wani fayil daban ya riƙa sauyawa harafi bayan harafi. Tsarin OpenType, wanda kamfanonin Microsoft da Adobe suka sanar a 1996, shi ya warware wannan, domin fayil guda na iya ɗaukar siffofi fiye da 65,000, tare da umarnin da ke zaɓo mai jela a farkon kalma ko a ƙarshenta. Da wannan dama Mark Simonson ya fitar da Bookmania a 2011, inda ya tattaro jeloli sama da 600.

A 2016 aka ƙara wa OpenType damar samfuri mai sauyawa, wato fayil guda wanda ake ja masa kauri ko faɗi yadda ake so. Misali mai kyau shi ne Fraunces, wanda Phaedra Charles da Flavia Zimbardi suka zana wa Google Fonts, suna koyi da Cooper da Souvenir da Windsor. Ban da kauri da girma, an ba shi ma'aunin taushi, wanda ke dunƙule kaifin ƙafafu, da kuma wani maɓalli mai sauya wasu haruffa zuwa siffofi na wasa. An tsara shi yadda waɗannan siffofi za su fito a manyan kanu su ɓace a ƙananan rubutu. Wato tsohuwar ƙa'idar maɗaba'a, cewa ado na kanu ne ba na cikin shafi ba, yanzu an dasa ta a cikin fayil ɗin kansa. Abin lura ga mai nazarin Hausa shi ne, a na tsutsarsa, haruffan da ake sauya wa kai sun haɗa da b da d da k.

3.7 Matsalar Haruffa Masu Ƙugiya

Waɗannan samfura duka an zana su ne domin harsunan Turai, kuma sun iso maɗaba'u da shagunan buga takardu na Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato ne a cikin manhajoji irin su Microsoft Office da CorelDraw. Da su ake buga katin biki da kalanda da fostar fim da bangon littattafan hikaya. Hausar boko kuwa tana da ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka tsayar da siffarsu mai ƙugiya a shekarun 1930, bayan an daɗe ana nuna su da ɗigo a ƙasa ko da alamar ɗauri. A Jamhuriyar Nijar akwai na huɗu, wato ƴ, wanda a Nijeriya ake rubutawa 'y.

Matsala ta farko ita ce rashinsu. Tun zamanin tafireta an san yadda ake buga kundi sannan a bi shi da biro ana ɗora ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. A shekarun 1980 an yi yunƙurin samar da samfurin bai-ɗaya na harsunan Nijeriya, wanda shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a ciki. A shekarun 1990 kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da samfuran Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ɗora masu ƙugiya a gurbin wasu alamomi na allon kwamfuta. Sun yi wa marubuta aiki ƙwarai, sai dai idan rubutun ya je kwamfutar da babu samfurin, alamomin asali kan dawo, shi ya sa ake cin karo da }asa a maimakon ƙasa a tsofaffin takardu. Tsarin Unicode ya ba kowanne daga cikinsu lambarsa tun farkon shekarun 1990, amma ba da lamba daban, zana harafin daban. Ƙari a kan haka, ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin alamomin ilimin furuci ne, manyansu tare da Ƙ da ƙ kuma suna wani rukuni, saboda haka akan sami samfurin da ya zana wasu ya bar wasu. Samfuran da suka cika su, irin su Charis da Gentium da Noto, galibinsu na cikin littafi ne. Na ado kuwa mafi yawansu ba su san da zamansu ba. Idan aka buga kalmar Ƙauna da irin wannan samfuri, kwamfuta takan aro Ƙ daga wani wuri, sai a ga siririn harafi a tsaye a gaban ƙosassu huɗu masu kwanciya. Mai shago da ya ga haka yakan zaɓi ya jefar da ƙugiyar, kuma ta wannan hanya ce fosta da bangon littafi, waɗanda suka fi kowane rubutu yawan masu gani, suke koya wa jama'a rubuta Hausa ba bisa ƙa'ida ba.

Matsala ta biyu ta fi ta farko dabara, kuma ta keɓanta ga masu jela. Babban Ɓ da babban Ɗ ana gane su ne da lanƙwasar da ke fitowa daga saman sandarsu ta hagu. A daidai wannan wuri ne kuma mai zanen Turai ke ɗora jelar B da D, kuma siffar kusan ɗaya ce. Abin da yake ado a wurinsa, baƙi ne mai zaman kansa a wurin Bahaushe. Idan aka rubuta kanu kamar Uwa Da Uba da D mai jela, mai karatu na da hujjar karanta Ɗa. Bari kan koma Ɓari, wanda a jikin fostar asibiti ba ƙaramin kuskure ba ne. A ƙananan baƙaƙe ma haka abin yake, domin samfurin tsutsa da ke lanƙwasa kan sandar b da d da k zuwa dama ya riga ya cinye wurin da ƙugiya za ta zauna, har kafa da ƙafa, ko kura da ƙura, su zama sai ma'anar jimla ce za ta raba su. A cikin shafi jimla takan taimaka. A kanu mai kalma biyu ko uku babu wannan taimako.

Gwaɓi shi ma yana da tasa wahalar. A samfuri irin Cooper Black sandar k ta riga ta yi kauri, hannunta na sama kuma yana kusa, don haka filin da ya rage wa ƙugiyar ƙ kaɗan ne. Idan aka ƙanƙanta ta, daga nesa ba a ganinta, kuma allon talla daga nesa ake karanta shi. Idan aka girmama ta sai ta manne da hannun harafin, tawada ta cike tsakani. Mai zanen da ya san aikinsa yakan ɗan rage tsawon hannun, ko ya ɗaga ƙugiyar sama da sauran sanduna, ya kuma ƙare ta da irin ɗigon da ya ƙare f da r da shi domin ta zama 'yar gida. Wannan aiki ne na zane, ba a samunsa ta hanyar yanko kan f a liƙa wa k, kamar yadda ake yi a wasu shaguna.

Ga wanda ke tsara bango ko fosta da Hausa, abin da ya fi sauƙi shi ne ya gwada samfurin tun kafin ya zaɓe shi, ta hanyar jera Da da Ɗa, Bari da Ɓari, Kasa da Ƙasa, manya da ƙanana, ya buga su a girman da za a yi amfani da shi, ya manna a bango ya ja da baya. Idan samfurin OpenType ne, ana iya kashe jelar B da D da K kaɗai a bar ta sauran, tunda R da M da N da A da S ba su da 'yan'uwa masu ƙugiya da za a rikita su da su. Y kuwa sai an duba inda takardar za ta, domin jelar da ba ta da illa a Katsina tana iya zama Ƴ idan ta tsallaka Maraɗi.